Ma'aunin h da yawan ambato: me suke faɗa game da mai binciken cututtukan ƙwaƙwalwa?

Wani matashin likita da ke neman ƙwarewa a fannin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ya aiko da tambaya. Yana shirin neman gurbin digiri na uku a ƙasar waje kan cutar Alzheimer ko ta Parkinson, ya buɗe shafin wani farfesa a Google Scholar, rumbun da ke ƙirga maƙalun masana da yawan ambatonsu, ya tarar da maƙalu ɗaruruwa, an ambace su sau dubbai, ma'aunin h kuma ya haura 100. Yana son ya sani ko waɗannan alƙaluma sun isa shaida cewa binciken mutumin ingantacce ne, har ya miƙa masa shekaru huɗu na rayuwarsa.

Likita, alƙaluman da ka gani suna da amfani, amma ba su isa su yanke maka wannan hukunci ba. Abin da suke tabbatar maka shi ne mutumin ya daɗe a fagen, yana da kuɗin bincike da ma'aikata, kuma sauran masana suna yawan waiwayar abin da ya rubuta. Ko abin da ya rubuta ɗin gaskiya ne, ko wasu sun sake gwajin a wani wuri sun sami abin da ya samu, wannan ba ya fitowa a shafin, sai ka bi maƙalun da kanka. A fannin cututtukan da ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, rashin lura da wannan bambanci ya riga ya jawo asarar shekaru da dukiya, shi ya sa zan tsawaita bayani.

Mu fara da abin da ake ƙirgawa. Duk maƙalar kimiyya tana ƙarewa da jerin ayyukan da ta dogara da su, kuma duk aikin da ya shiga jerin an ambace shi sau ɗaya ke nan. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan ambato a 1955, kundin kuma ya fara fita a kai a kai daga 1964, kuma manufarsa ta asali ita ce a sauƙaƙa wa mai bincike gano waɗanda suka ɗora a kan wani aiki bayan fitarsa. Auna darajar mutane da shi daga baya ya shigo. Ma'aunin h kuwa Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ya ƙirƙiro shi a 2005. Idan aka ce ma'aunin mutum 100 ne, ana nufin yana da maƙalu 100 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 100. Lissafin yana da kyau ta fuska ɗaya, domin maƙala ɗaya tak da ta yi fice ba za ta ɗaga shi ba, tarin maƙalun da ba wanda ya karanta su ma haka. Sai dai ba ya taɓa sauka. Mutumin da ya daina aiki mai ma'ana shekaru goma sha biyar da suka wuce, ma'auninsa zai ci gaba da hawa, matashiyar da ta gano abu mafi muhimmanci a bara kuwa nata yana can ƙasa. Haka kuma Google Scholar yana haɗawa da kundin digiri da babin littafi da rubutun da ba a tantance ba, saboda haka adadinsa kan zarce na sauran rumbunan ƙirga ambato irin su Scopus da Web of Science. Idan za ka kwatanta mutum biyu, ka ɗauko alƙalumansu daga rumbu ɗaya.

Sannan ba kowace irin maƙala ce ke jawo ambato daidai da 'yar'uwarta ba. A 1975 Marshal Folstein da Susan Folstein da Paul McHugh suka wallafa gajeren gwajin nan mai maki 30 da kake yi wa tsofaffi a asibiti, inda ake tambayar majinyaci kwanan wata da inda yake, a ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla, ya kwafi zane. Lokacin da mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihin kimiyya a 2014, wannan tana ciki. Dalilin a fili yake, domin duk wanda ya yi amfani da gwajin dole ya ambaci tushensa. Haka abin yake ga ƙa'idojin gane cutar Alzheimer da kwamitin Guy McKhann ya fitar a 1984, da kuma maƙalun bita masu tattara abin da wasu suka gano. Ayyuka ne masu amfani ƙwarai, amma yawan ambatonsu yawan masu aron kayan aiki yake nunawa. Akwai kuma manyan binciken ƙwayoyin gado, irin wanda ya fito a Nature Genetics a 2022 ya lissafa wurare 75 masu alaƙa da Alzheimer, wanda marubutansa ɗaruruwa ne. Wanda ya tsara binciken da wanda ya aika samfurin jinin majinyatan asibitinsa, kowannensu za a rubuta masa ambaton gaba ɗaya a shafinsa.

Bari mu ɗauki tarihin mutum ɗaya na gaske mu karanta shi yadda ya kamata. Virginia Lee, haifaffiyar ƙasar Sin da ke Jami'ar Pennsylvania a Amurka, ta shafe shekaru da dama tana jagorantar cibiyar bincike ɗaya tare da mijinta John Trojanowski, wanda ya rasu a 2022, kuma su biyun suna cikin waɗanda aka fi ambata a wannan fanni baki ɗaya. Jimillar ambatonsu ba za ta koya maka komai ba. Idan kuwa ka jera manyan maƙalun bisa shekaru, sai ka ga tambaya ɗaya suke bi tun farko, wato wane furotin ne yake dunƙulewa a cikin ƙwayar ƙwaƙwalwa a kowace cuta, kuma ta yaya yake yaɗuwa. A 1991, ana cikin gardama kan abin da ya haɗa murɗaɗɗun zaruruwan da Alois Alzheimer ya bayyana tun 1906, Lee ta tace zaruruwan daga ƙwaƙwalwar mamata ta nuna cewa furotin tau ne da ya sauya kama. Wasu sun riga sun yi nuni ga tau tun tsakiyar shekarun 1980, aikinta ya taimaka wajen rufe gardamar, sannan a 1998 ƙungiyoyi daban-daban suka gano iyalai masu gadon wata irin cutar mantuwa saboda sauyi a ƙwayar gadon tau ɗin kanta.

A 1997 sunanta ya fito a gajeriyar maƙalar Nature da ta nuna cewa furotin alfa-sinuklin ne ke cike dunƙulen Lewy, wato curin da ake gani a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson. Wannan maƙala tana cikin masu ɗaga jimillar Lee, amma duba jerin sunayen. Maria Grazia Spillantini ce ta farko, Michel Goedert na ƙarshe, dukansu daga Cambridge ta Ingila, Lee da Trojanowski suna tsakiya. A al'adar wannan fanni, na farko shi ne ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe shi ne mai ɗakin gwajin da ya ɗauki nauyi, na tsakiya kuma sun ba da gudummawa gwargwadon hali. Mai karatu da idon basira zai ba Cambridge jagorancin wannan aiki, ya ba Philadelphia nata kason, ba tare da ya tauye wa kowa hakki ba.

Shekarar 2006 ce nake son ka riƙe, domin a cikinta maƙalu biyu suka fito a manyan mujallu biyu, dukansu suka sami ambato mai tarin yawa, amma ƙarshensu ya sha bamban. Ta farko daga ɗakin gwajin Lee da Trojanowski ta fito, a mujallar Science, Manuela Neumann ce marubuciya ta farko. Likitocin binciken gawa sun daɗe suna ganin wasu dunƙule-dunƙule a ƙwaƙwalwa da lakar masu cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin motsa tsoka, da kuma masu mantuwar da ke kama gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, amma ba a san furotin da ke ciki ba. Maƙalar ta ce TDP-43 ne. Kafin shekarar ta ƙare, wata ƙungiya a Japan ƙarƙashin sunan Tetsuaki Arai ta wallafa sakamako iri ɗaya daga nata aikin. A 2008 ƙungiyoyi a Ingila da Kanada da Amurka suka gano masu ALS da ke ɗauke da sauyi a ƙwayar gadon da ke haifar da wannan furotin. Yau duk likitan binciken gawa da ke da kayan rini da madubin ƙara girma zai iya ganin dunƙulen da idonsa a sama da kashi 90 cikin ɗari na masu ALS, kuma a 2019 an raɗa wa wata cutar mantuwa ta tsofaffi tukuf suna LATE bisa wannan furotin. Ambaton wannan maƙala ya taru ne saboda mutane sun gwada, sun gani, sun ɗora.

Ta biyun a Nature ta fito, a watan Maris, daga Jami'ar Minnesota. Sylvain Lesné ne na farko, Karen Ashe ta ƙarshe, kuma Ashe masaniya ce mai daraja wadda ta samar da ɗaya daga cikin ɓerayen gwajin Alzheimer da aka fi amfani da su tun 1996. Maƙalar ta ce sun ware wani ƙaramin curin furotin amiloid da suka kira Aβ*56 daga ƙwaƙwalwar ɓerayen, suka yi wa lafiyayyun ɓeraye allurarsa, sai ƙwaƙwalwarsu ta fara mantuwa. Labari ne mai daɗin ji, domin ya yi kama da an kama ɓarawo da kaya a hannu. An ambace ta kusan sau 2,500. Amma a duk tsawon shekarun, ɗakunan gwaji kaɗan ne a wajen Minnesota suka ba da rahoton ganin wannan curi, kuma Dennis Selkoe na Harvard, wanda yana cikin manyan masu goyon bayan ra'ayin cewa taruwar amiloid ce ke tayar da cutar Alzheimer, ya ruwaito tun 2008 cewa bai same shi a jikin ɗan Adam ba.

Wanda ya tono matsalar likita ne irinka, Matthew Schrag na Jami'ar Vanderbilt. Abin da ya duba hotunan gwajin nan ne da ake rarrabe furotin gwargwadon nauyinsu, su fito kamar baƙaƙen layuka jere a kan farar takarda. Kowane layi na gaske yana da nasa gefe da nasa ɗigo-ɗigo a bayansa, ba ya zama daidai da wani sak. Da ya ƙara girman hotunan ya daidaita haskensu, sai ya ga layukan da suka yi kama da an kwafo su daga wani wuri an liƙa, da alamun yanka a inda bai kamata a ga yanka ba. Mujallar Science ta wallafa rahoton ɗan jarida Charles Piller a kan haka a watan Yulin 2022, wasu ƙwararrun masu duba hoto irin su Elisabeth Bik suka duba suka ga abin damuwa, sannan a watan Yunin 2024 Nature ta janye maƙalar. Ashe da mafi yawan marubutan sun amince da janyewar, Lesné bai amince ba, Ashe kuma ta ci gaba da cewa ainihin sakamakon yana nan duk da an taɓa hotunan. Shekara 18 ke nan tsakanin wallafawa da janyewa, kuma a duk tsawonsu wanda ya duba adadin ambato kawai zai ɗauka wannan maƙala tana sahu ɗaya da ta TDP-43.

Malaman hadisi sun daɗe da warware irin wannan matsala a nasu fagen. Ba su ɗauki yawan yawon magana a bakunan mutane a matsayin shaidar ingancinta ba, sukan bi isnadi ne su ga ko hanyoyin ruwayar daban-daban ne, ko kuwa duk sun koma ga mutum ɗaya. Ruwaya dubu da ta fito daga bakin mai ruwaya ɗaya, ƙarfinta ƙarfin mutum ɗaya ne. Mafi yawan masu ambaton maƙala a gabatarwar aikinsu suke sanya ta, a jimla ɗaya, sau da yawa ma daga jerin wani suka kwaso ta ba su buɗe ta ba. Waɗanda suka sake yin gwajin da hannunsu su ne hanyoyin ruwaya na gaske, kuma su za ka nema.

Kada ka ɗauka matsalar ta tsaya a kan maƙala ɗaya ko ƙaramin mai bincike. Eliezer Masliah ya wallafa maƙalu kusan 800 kan Alzheimer da Parkinson, kuma daga 2016 zuwa 2024 shi ya shugabanci sashen kimiyyar ƙwaƙwalwa a cibiyar gwamnatin Amurka mai kula da binciken tsufa, wato inda ake raba kuɗin binciken wannan fanni. A watan Satumban 2024 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta sanar cewa ta same shi da laifin sake amfani da hotunan gwaji tare da sauya musu laƙabi a maƙalu biyu, kuma ba ya kan muƙaminsa. A daidai lokacin Science ta ba da rahoton cewa masu duba hoto sun nuna shakku a kan maƙalunsa 132. Ka bambanta biyun da kyau, na farko hukunci ne na hukuma, na biyu zargi ne da ke buƙatar bincike. Abin da ya shafe ka dai shi ne, kwana ɗaya kafin sanarwar shafinsa yana cikin mafi ƙayatarwa a duniya.

A nan dole in yi adalci ga fannin, domin bayan rahoton 2022 an yi ta yaɗa cewa duk binciken Alzheimer ƙarya aka gina shi a kai, kuma wannan ba daidai ba ne. Ra'ayin cewa taruwar amiloid ce ke fara tayar da cutar bai dogara da Aβ*56 ba. George Glenner da Caine Wong sun ware furotin ɗin tun 1984. A 1991 Alison Goate da John Hardy da abokan aikinsu a Landan suka gano sauyi a ƙwayar gadon APP, wadda amiloid ke fitowa daga furotin ɗinta, a iyali mai gadon cutar, a 1995 aka gano na wata ƙwayar gadon mai suna presenilin, masu lalurar Down da ke da ƙarin kwafin ƙwayar gadon APP suna kamuwa da wuri, sannan a 2012 aka gano wani sauyi a mutanen Iceland da ke rage samar da amiloid yana kuma kare su daga cutar. Waɗannan hanyoyi ne masu zaman kansu. Duk da haka maƙalar Hardy da Gerald Higgins ta 1992 da ta tsara ra'ayin, da ta Hardy da Selkoe ta 2002, suna koya mana wani darasin. An ambace su sau dubbai, amma mai goyon baya da mai suka duk ambato ɗaya ake rubuta musu, na'urar ƙirga ba ta san bambanci ba. Magunguna da dama da aka gina a kan ra'ayin sun faɗi a gwajin asibiti, irin su bapineuzumab a 2012 da solanezumab a 2016. Maganin lecanemab, wanda aka gwada a mutum 1,795 na tsawon wata 18, ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin ɗari, wato bambancin ƙasa da rabin maki a ma'auni mai maki 18, kuma har yau likitoci suna muhawara ko iyalin majinyaci za su lura da wannan bambanci a gida. A ganina ra'ayin yana da ƙafa, amma girman ambatonsa ya zarce girman abin da ya kawo wa majinyaci zuwa yanzu.

Game da sunan mujalla ba zan daɗe ba. Ma'aunin tasirin mujalla matsakaicin ambaton abin da ta wallafa ne a shekaru biyu da suka gabata, kuma maƙalu kaɗan ne ke ɗaga shi, saboda haka ba ya faɗa maka komai game da maƙala guda. Heiko Braak da Eva Braak na Frankfurt sun yanka ƙwaƙwalwa 83 sun rina sun duba, suka tsara matakai shida na yaɗuwar zaruruwan Alzheimer, suka wallafa a 1991 a Acta Neuropathologica, mujallar ƙwararrun binciken gawa. Bayan shekara talatin da ɗoriya har yanzu da matakan Braak ake rubuta rahoton gawa, hotunan tau na zamani da ake ɗauka a rayayyun mutane kuma sun bi kusan tsarin da suka zana. Sanarwar San Francisco ta 2012, wadda jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike da yawa suka sa wa hannu, ta nemi a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya wallafa a ciki.

Akwai wata fuska da ta shafe mu kai tsaye. Yawan ambato yana bin yawan masu aiki a kan tambaya, masu aiki kuma suna bin inda kuɗi yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, sama da kashi 60 cikin ɗari nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, amma mafi yawan bincike a kan Turawa aka yi shi. A 1992 Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana suka fara bin diddigin tsofaffin Yarbawa a unguwar Idikan ta Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a Indianapolis, Adesola Ogunniyi ya ci gaba da jagorancin ɓangaren Ibadan bayan rasuwar Osuntokun a 1995. Sakamakon da suka wallafa a mujallar JAMA a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan ne ke kamuwa da mantuwa, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Sun kuma ga cewa ƙwayar gadon APOE4, wadda ke ƙara haɗari sosai a Turawa, ba ta da wannan ƙarfi a Yarbawa. Da yake gwajin kwafar zane yana zaluntar tsohon da bai taɓa riƙe alƙalami ba, sai suka samar da wani gwaji inda mai gwadawa zai jera tsinken ashana huɗu ya yi wata siffa, tsohon ya kwaikwaya da hannunsa. A 2023 kuma aikin da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da Mie Rizig suke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gadon GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson, wanda ya yawaita a mutanen asalin Afirka ta Yamma alhali da kyar ake samunsa a Turawa. Ma'aunin h na irin waɗannan masana ba zai kamo na shugaban babbar cibiya a Boston ba, amma ga likitan da zai dawo ya duba tsofaffin Kano ko Zinder, aikinsu ya fi kusa da majinyacinsa. Yana ɓata mini rai idan na ga kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu suna ƙirga maƙalu kamar buhuna, har matasa suna biyan kuɗi ga mujallun bogi don adadi ya cika, alhali aiki ɗaya irin na Idikan ya fi maƙalu hamsin na cike gurbi.

To, ga abin da zan yi da a ce ni ne a matsayinka. Ka koma shafin farfesan ka jera maƙalun daga wadda aka fi ambata, ka ɗauki goma na sama, ka ware na bita da na ƙa'idojin kwamiti da waɗanda sunansa ke tsakiyar mutum ɗari. Abin da ya rage, inda yake na farko ko na ƙarshe, shi ne aikinsa. Ka zaɓi biyu ko uku ka karanta su tun daga hanyar gwaji har hotuna, ka duba yawan ɓeraye ko majinyatan da aka yi amfani da su, ka duba ko mai auna sakamako ya san wane rukuni yake aunawa. Daga nan ka buɗe jerin waɗanda suka ambaci maƙalar, ka nemi ɗakunan gwajin da ba almajiransa ba ne kuma ba abokan wallafarsa ba, ka ga ko sun maimaita gwajin, da abin da suka samu. Idan an gano abu a ɓera, ka tambaya ko an gan shi a ƙwaƙwalwar mutum, ko ƙwayoyin gado sun mara masa baya. Wannan aikin yini biyu ne ko uku, kuma zai koya maka fannin fiye da wata guda na karatun bita.

Bayan haka ka rubuta sunansa a PubPeer, inda masana ke sanya shakkunsu a kan hotuna da alƙaluma, da rumbun Retraction Watch mai tattara maƙalun da aka janye, wanda aka buɗe wa kowa kyauta tun 2023. Rumbun maƙalun likitanci na PubMed ma yana sanya alama a kan maƙalar da aka janye. Samun gyara ɗaya ko biyu a cikin maƙalu ɗaruruwa ba abin tayar da hankali ba ne, duk mai aiki da yawa yana kuskure. Abin dubawa shi ne yadda ya amsa, ko ya fito da hotunan asali ya gyara da wuri, ko ya yi shiru, ko matsala iri ɗaya ce ke maimaituwa shekara da shekaru. Idan kana son ma'aunin da ya ɗan fi adalci, shafin iCite na NIH yana kwatanta ambaton maƙala da na takwarorinta a fanni ɗaya da shekara ɗaya, ko da yake shi ma ambato yake ƙirgawa.

Tunda kai ɗalibi za ka je, shekaru biyar na baya-bayan nan sun fi muhimmanci gare ka fiye da shekaru talatin na farko. Ka duba su waye marubuta na farko a sababbin maƙalun, ɗalibai ne ko manyan ma'aikata, kuma ina waɗanda suka gama suke yanzu. A tarihin Lee da muka karanta, Manuela Neumann ta zama farfesar binciken cututtukan ƙwaƙwalwa a Tübingen ta Jamus, Kelvin Luk kuma, wanda ya jagoranci maƙalar 2012 da ta nuna cewa allurar murɗaɗɗen alfa-sinuklin a ƙwaƙwalwar lafiyayyen ɓera tana haddasa yaɗuwar cutar daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ya kafa nasa ɗakin gwajin. Irin wannan ba ya fitowa a ma'aunin h. Ka nemi tsofaffin ɗaliban farfesan guda biyu ko uku ta adireshinsu na jami'a, ka tambaye su cikin ladabi sau nawa suke ganinsa, da abin da ke faruwa a ɗakin idan gwaji ya ƙi ba da sakamakon da maigida yake so. A wasiƙarka ta farko gare shi kuma, ka ambaci maƙala ɗaya da ka karanta da kyau, ka yi tambaya a kan hanyar gwajinta, ka tambayi yadda suke adana hotunan asali da bayanan da ba a taɓa ba, sannan ka ji ko aikin da zai ba ka yana da ƙofar da samfurori ko majinyata daga Afirka ta Yamma za su shigo.